Faɗuwar da Maraɗi ba ta sani ba: Hausawa a cikin wasannin bidiyo

Duk wanda ya ratsa unguwannin Maraɗi ko Damagaram ko Tawa bayan sallar la'asar, ba sai an faɗa masa irin wasan da matasa suke yi a yau ba. A ƴan shagunan bakin titi, inda aka jera talabijin biyu ko uku da PlayStation da dogon benci, ƙwallon ƙafa ce ke ci, ana biyan ƴan daloli a buga, wanda aka cinye ya tashi ya ba na baya wuri. A fadodin shan shayi kuwa kowa ya duƙufa kan salularsa, wasu suna harbin juna cikin Free Fire, wasu suna jiran sa'a cikin Ludo King, in kuran ya ɗauke a ci gaba har batir ya ƙare.

Ra'ayoyin masu wasan ba ɓoyayyu ba ne, don da ƙarfi ake faɗinsu. Masu ƙwallo sun daɗe da rabuwa gida biyu. Kamfanin Konami na Japan ya sauya wa wasansa suna daga PES zuwa eFootball a 2021, kamfanin EA na Amurka kuma ya rabu da sunan FIFA a 2023, amma a bakin yara har gobe PES da FIFA ne, kuma gardamar tana nan inda take: waɗannan su ce nasu ya fi sunayen ƴan wasa da rigunan ƙungiyoyi na gaske, waɗancan su ce a nasu ne ƙwallo take da nauyi kamar ta fili. Free Fire, wanda kamfanin Garena na Singafo ya fitar a 2017, ya sami karɓuwa ne saboda dalilin da ba ya buƙatar dogon nazari. Ƙaramar salula mai araha tana ɗaukarsa, kuma cikin kamar minti 10 an gama: mutum 50 su sauka a tsibiri, fili ya yi ta tsukewa, wanda ya saura shi ya ci. Masu PUBG, waɗanda salularsu ta fi tsada, suna kallonsa a matsayin wasan yara.

Iyaye da malaman lakwal su ma suna da nasu ra'ayi, kuma guda ɗaya ne: ɓata lokaci, cin kuɗin mega, hana barci, faɗuwa jarrabawa. Akwai gaskiya a ciki, duk mushen da ya taɓa ganin yaro yana gyangyaɗi a darasin ƙarfe takwas zai shaida. Sai dai irin wannan hukunci ne aka yanke wa finafinan Indiya, aka sake yanke wa finafinan Kano lokacin da suka mamaye gidaje, kuma bai hana kowa kallo ba. Abin da ya haifar kawai shi ne an bar matasa su kaɗai da abin da suke kallo, ba wanda ya zauna ya tattauna shi da su. Wasan bidiyo ma aikin hannun mutane ne, wasu ne suka zauna suka zaɓi abin da za a gani da abin da za a ɓoye, saboda haka ya cancanci a karanta shi kamar yadda ake karanta littafin hikaya ko wasan kwaikwayo. Buƙatar hakan ta ƙaru tun da manyan wasanni biyu na duniya suka saka Hausawa a cikinsu.

Na farko shi ne Age of Empires III. Asalinsa ya fito a 2005, kamfanin Microsoft ya sabunta shi a 2020, sannan a watan Agusta na 2021 aka ƙara masa wani kashi mai suna The African Royals, wanda ya zo da al'ummomi biyu, Habashawa da Hausawa. Na biyu shi ne Civilization VII na kamfanin Firaxis, wanda ya fito a watan Fabrairu na 2025, kuma cikin shugabannin da mai wasa zai iya zaɓa akwai Amina ta Zazzau. Dukkansu sun fi ƙarfin salular da ke aljihun ɗan kwaleji. Suna son kwamfuta mai ƙarfi ko na'urar wasa mai tsada, da haƙurin zama na awoyi. Akasarin waɗanda suka san da su a ƙasar Hausa a guntayen bidiyo suka gan su, a YouTube ko a abin da ake turawa ta WhatsApp, kuma abin da ke fara zuwa wa mai kallo shi ne murna: a taɓa soja a allo ya amsa da Hausa, a wasan da ake bugawa daga Koriya har Barazil. Murnar tana da hujja. Harshen da aka saba jin cewa bai isa shiga ofis ba, ga shi yana ba da umarnin yaƙi kafaɗa da kafaɗa da Faransanci da Turkanci. Amma bayan murna sai a duba kayan da aka kawo.

A Age of Empires III mai wasa yana farawa da ƙaramin gari da ƴan talakawa, ya tura su farauta da saran itace da haƙar ma'adini, ya gina gidaje da barikoki, ya ɗaga garinsa daga zamani zuwa zamani, har ya tara rundunar da za ta rushe garin abokin gaba. Dukiya uku ce kowa ke tarawa: abinci, itace da kuɗi. Hausawa da Habashawa an ƙara musu ta huɗu, wadda kalmar da ta fi kusa da ita a Hausa ita ce faɗa-a-ji. Ba a noma ta, ba a haƙo ta. Tana taruwa ne sannu a hankali daga gidan ilimi da aka gina kusa da fada da tsakiyar gari da zangon fatake, kuma da ita ake ɗauko mayaƙan haya da na ƙabilun maƙwabta. Idan Bahaushe zai shiga sabon zamani, sai ya zaɓi wanda zai ƙulla ƙawance da shi: Buzayen arewa da danginsu, ko Maroko, ko Sanwai, ko Akan na ƙasar goro, ko Fulani, ko Yarabawa, ko Ingilishi, kowane da irin amfanin da yake kawowa. Akwai kuma kasuwar dabbobi, inda ake kiwon shanu su yi ƙiba a sayar a sami itace ko kuɗi.

A nan ya kamata a yaba, kuma a yaba sosai. Waɗanda suka tsara wannan kashi sun yi karatu, sun kuma gane wani abu da littattafan tarihi na lakwal sukan tsallake: ƙarfin biranen Hausa bai taɓa zama na takobi kaɗai ba. Kano da Katsina sun yi girma ne domin suna tsakiyar hanyoyi, tsakanin gishirin Kawar da jan ƙarfen Takadda da goron Gwanja, kuma sarkin da ya iya riƙe baƙo, ya ba malami gida, ya ba falke zango, ya ba bara doki da riga, shi ne yake da jama'ar da za ta fita yaƙi dominsa. Mayar da wannan ya zama dokar wasa, har yaron da ke zaune a Jamus ya gane da hannunsa cewa Bahaushe ba ya cin nasara sai ya gina makaranta kusa da kasuwa, hikima ce ta gaske. Masu wasa da yawa suna cewa Hausawa suna da wuyar sarrafawa, domin abubuwan lura sun yi yawa a lokaci guda. Wannan koke ya fi kama da yabo. Haka nan barden da aka ba su, mai sanye da lifidi shi da dokinsa, ba ƙagen mai zane ba ne: Tarihin Kano ya ce Sarki Kanajeji, a farkon ƙarni na 15 ko gab da shi, shi ya fara kawo lifidi da kwalkwali da sulke. Mai sauƙi ne a ce an ba Afirka mashi da fatar damisa an wuce, kamar yadda finafinai suka saba, amma ba a yi haka ba.

Inda baƙunta ta fara nunawa shi ne wajen kalmomi. Jarumin da ke tsaron fada, mai bindiga, wanda ya fi kowa tsada cikin dakarun ƙasa, an sa masa suna Maigadi. Duk Bahaushe ya san maigadi: dattijon da ke kwana a ƙofar kanti da ƴar fitila da sanda. Kalmar gadi kanta ariya ce daga Ingilishi, ta shigo tare da mulkin Nasara, saboda haka ba ta da abin yi a fadar ƙarni na 16. Mai tsaron sarki dogari ne, masu harbi kuma ƴan bindiga, kuma kalmomin nan suna raye, ba sai an tono su daga ƙamus ba. Jagoran runduna an kira shi da laƙabin amir, alhali kafin jihadi sarki ake cewa, kuma ko bayansa bakin talaka bai daina cewa sarki ba. Makaɗin da ke bin runduna kuwa an bar masa sunan nan da Faransawa suka laƙaba wa duk wani mai kiɗa da roƙo daga Senegal har tafkin Cadi, kamar babu bambanci tsakanin makaɗin tambari da mai busa kakaki da sanƙira da maroƙin baki. Wani zai ce ƙananan abubuwa ne. To, amma wanda sana'arsa koyar da harshe ce ya san cewa a ƙaramin abu ake gane wanda ya kwana a gari da wanda ya leƙa ya wuce.

Babbar matsala ita ce ta haɗa abin da tarihi bai haɗa ba. A cikin wasan Hausawa ƙasa ɗaya ce, shugabarta Amina, babban birninta Kano. Ƙasar Hausa ba ta taɓa zama haka ba. Birane ne masu ganuwa, kowane da sarkinsa da tamburansa, harshe ɗaya da kasuwa ɗaya, amma Kano da Katsina sun shafe tsararraki suna yaƙar juna, Gobir ta ci Zamfara ta kafa Alƙalawa a ƙasarta, Kabi ta yi zamaninta. Amina kuwa ta Zazzau ce, ƴar Bakwa Turunku, kuma abin da Muhammadu Bello ya rubuta game da ita a Infaƙul Maisuri shi ne ta yaƙi ƙasashe har Katsina da Kano suka biya ta haraji. Wato an ɗauke ta an zaunar a gadon garin da take karɓar gandu daga gare shi, abin da Bakano da Bazazzagi duka za su yi wa murmushi. Ko zamaninta masana ba su daidaita ba, domin Tarihin Kano ya sa ta a ƙarni na 15, lissafin sarakunan Zazzau kuma ya fi karkata ga na 16. A rundunar wasan, maharbin Fulani mai baka yana tafiya gefe da gefe da barden lifidi ƙarƙashin tuta ɗaya. A Tabkin Kwatto, a watan Yuni na 1804, waɗannan biyun su ne suka fuskanci juna, dawakan Gobir a gefe guda, masu baka na jama'ar Shehu a ɗaya gefen, kuma baka ce ta yi rinjaye. Sannan idan Bahaushen wasan yana son igwa, sai ya saye ta da faɗa-a-jinsa, kamar kayan waje ce kawai, alhali a Damagaram, ƙarƙashin Sarki Tanimun wanda ya rasu a 1884, a cikin gari ake zuba igwa. Gaskiya ne gidan sarautar Damagaram ta Barno yake kallo, amma garin da maƙeransa da kasuwarsa da Hausa suke magana.

Ana iya yi wa duk wannan uzuri. Wasa ba kundin digiri ba ne, kuma Jamusawa da Indiyawan cikinsa ma an cuɗe su haka, ƙasashe da yawa an mai da su ɗaya. Abin da ya fi wuyar yi wa uzuri yana cikin yaƙe-yaƙen tarihi guda uku da aka haɗo da wannan kashi. Ɗaya yaƙin sarakuna uku ne na Maroko a 1578, ɗaya na zamanin rigimar ƴaƴan sarakuna a Habasha, na ukun kuma an sa masa sunan da ma'anarsa ita ce Faɗuwar Hausawa. Jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ne, mai wasa yana ɓangaren Shehu, Gobir ce abokiyar gaba.

Zaɓen ɓangaren Shehu ba laifi ba ne. Shi ne ya yi nasara, shi da ƙanensa Abdullahi da ɗansa Bello suka bar rubuce-rubucen da duk masu tarihi ke dogara da su, kuma zaluncin da ya yi wa'azi a kansa, na haraji da ƙwace da bautar da Musulmi, ba ƙage ba ne. Mutanen jihar Tawa ma suna da rabonsu a cikinsa, tun da a Maratta aka haife shi a 1754, a yankin da yau yake cikin Nijar. Matsalar tana cikin sunan. Sunan ya ɗauki yaƙin ya mai da shi na ƙabila da ƙabila, wata ta tashi wata ta faɗi, kuma wannan karatu ne da Turawan mulki suka so ƙwarai, domin ya sauƙaƙa musu labari. Amma jama'ar Shehu cike take da Hausawa, talakawa da malamai. Rikicin ma ya ƙara zafi ne a kan Abdussalami da mutanensa na Gimbana, kuma shi ba Bafulatani ba ne. A ɗaya ɓangaren akwai Fulanin da suka tsaya tare da sarakuna. Bayan an gama kuma, harshen da ya cika fadodin sabbin sarakuna har jikokinsu suka manta da Fulatanci, Hausa ne, da shi Nana Asma'u ta yi wa mata waƙoƙin karantarwa. Al'ummar da harshenta ya haɗiye wanda ya ci ta da yaƙi, da wuya a ce ta faɗi. Gidajen sarauta ne suka faɗi.

Su ma ɗin ba duka ba, kuma nan ne mutumin kudancin Nijar yake da abin cewa wanda ba kowa ke da shi ba. Alƙalawa ta faɗi a 1808, an kashe Yunfa, wasan ya ƙare a nan, an rubuta nasara a allo. Tarihi kuwa bai ƙare ba. Gidan sarautar Katsina da aka kora ya yi arewa, Ɗan Kasawa ya sami mafaka a ƙasar Damagaram na tsawon shekaru, sannan wajen 1819 ya zauna a Maraɗi, kuma har yau mai riƙe da wannan gado Sarkin Katsina ake ce masa. Gobirawa sun ci gaba da faɗa har aka karya su a Gawakuke a 1836, aka kashe Sarki Ali, duk da haka suka sake haɗuwa ƙarƙashin Mayaƙi suka kafa Tsibiri, ƴan kilomitoci daga Maraɗi. Daga waɗannan garuruwa biyu aka yi ta kai hari cikin daular Sakkwato har ƙarshen ƙarni, kuma a zamanin Ɗan Baskore mutanen birnin Katsina ba su yi barci da ido biyu ba. Kabawa sun tsaya a Argungu, gidan Daura ya koma Zango da Ɓaure. Gidan Zazzau kansa, wato gidan da Amina ta fito, ya bi Sarki Makau kudu, ƙanensa Abu Ja ya kafa Abuja a 1828, garin da yau ake kira Suleja bayan babban birnin Najeriya ya karɓi sunansa. Yaron Maraɗi da zai zauna gaban wannan wasa zai buga yaƙin da aka ce a cikinsa kakanninsa suka ƙare, alhali garin da yake zaune shi ne shaidar cewa ba su ƙare ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Abin mamaki shi ne dokokin wasan kansu sun fi labarinsa sanin wannan gaskiya. A Age of Empires, rushe tsakiyar garin mutum ba ya nufin an gama da shi. Muddin ya tsere da ƴan talakawa kaɗan, yana iya zuwa wani lungu na taswira ya sare itace, ya sake gini, ya dawo. Gwanayen wasan sun san wannan dabara, kuma tana cikin abubuwan da suka fi sa ƴan kallo ihu. Labarin Ɗan Kasawa ke nan ba ragi ba ƙari. Kayan aikin yana hannun masu tsarawa, labarin ne bai iso gare su ba, kuma dalilin a fili yake. Abin da aka rubuta da Ingilishi game da ƙasar Hausa, daga Sakkwato da Kano da Zariya aka rubuta shi. Tarihin Maraɗi da Tsibiri da Damagaram ya fi yawa cikin Faransanci da bakin makaɗan fada. Iyakar da Faransa da Ingila suka shata a farkon ƙarni na 20 ta ratsa har cikin ɗakin karatu, daga can kuma ta shiga cikin wasa.

Civilization VII ya bi wata hanya dabam, ya kuma fi nisa da gida. Jerin wasannin nan, wanda Sid Meier ya fara a 1991, ya saba ɗauko shugabanni daga yankin nan: Askiya na Sanwai ya fito a kashi na 5 a 2010, Mansa Musa na Mali ya fito fiye da sau ɗaya. Sabon abin da kashi na 7 ya zo da shi a 2025 shi ne raba shugaba da ƙasarsa. An kasa tarihi zamani uku, kowane zamani mai wasa ya ɗauki wata al'umma, shugaba kuwa yana nan bai sauya ba. Amina tana ciki, amma babu ƙasar Hausa a ciki. Hanyar da aka fi nuna mata ita ce ta fara da Aksum ta tsohuwar Habasha, ta koma Sanwai, ta ƙare da Buganda ta Yuganda ta yau. In mai wasa ya ga dama kuma ya ba ta Rum ko Sin. Tsakanin Zariya da Aksum akwai tafiyar dubban kilomitoci, ba harshe ɗaya, ba tarihi ɗaya, abin da ya haɗa su kawai shi ne mai kallo daga nesa yana ganinsu duka baƙaƙe. Ba ta Sanwai kuwa ya fi ban dariya ga wanda ya san cewa, in an bi ruwayar Hasan al-Wazzan, rundunar Askiya ce ta taɓa auka wa Zazzau da Katsina, kuma Kanta na Kabi ya yi suna ne da ƙin biyayya gare ta.

Baiwar da aka ba ta iri biyu ce: ƙarin riba daga kayan fatauci, da ƙarin ƙarfin mayaƙa a fili da hamada. Ta farko ta dace da sarauniyar da aka ce Sarkin Nupe ya aiko mata da goro dubu 10. Ta biyu kuwa sai a tambayi Bazazzagi inda hamadarsa take. Zazzau ita ce ta kudu cikin Hausa Bakwai, ƙasar ruwan sama da duwatsu da doguwar ciyawa, wadda damina ke daɗewa a cikinta. Mutumin Tanut ko Abalak da ya je can yakan ga kamar ya shiga kurmi. An ji an ce Afirka ta yamma da Musulunci da dawaki, sai aka zana rairayi.

Masu wasan a duniya sun karɓi wannan kashi da ra'ayi rababbe, kuma abin da suka fi kuka da shi, bayan rashin kyan tsarin allo, shi ne wannan sauyin al'umma: mutum ya shafe awoyi yana gina Masar, a wayi gari a ce masa yanzu shi wani ne. Da yawa sun koma kashi na 6 abinsu. Abin lura shi ne, abin da ya ɓata musu rai na ƴan awoyi, shi ne aka yi wa Amina tun daga farawa. Baturen da ya ɗauki Faransa yana da Napoleon da zai ɗora mata, mai son Sin yana da daula a kowane zamani cikin ukun; Bahaushe yana da sarauniya, ba shi da ƙasar da zai ba ta.

In an auna su biyun, Age of Empires III ya fi cancantar lokacin mutum, duk da kurakuransa, domin ya yi ƙoƙarin fahimtar yadda garin Hausa yake aiki, kuma kuskuren wanda ya yi ƙoƙari yana da amfani a aji. Malamin tarihi ko na Hausa ba ya buƙatar kwamfuta mai tsada. Guntun bidiyo na minti 10 a salula ya isa. A nuna wa ƴan aji, a ce su nemo abin da aka faɗa daidai da abin da aka kauce, su ba kowane soja sunansa na gaskiya, su je su tambayi tsofaffin unguwa ko makaɗan fada yadda aka kafa garinsu, su dawo su kwatanta da abin da allo ya nuna. Yaran da suke iya haddace sunayen bindigogi 30 na Free Fire ba za su kasa riƙe Gawakuke da Tabkin Kwatto ba. Ƙungiyoyin al'adu da ke shirya gasar dara da tatsuniya ma suna iya buɗe wannan ƙofa, domin mai dara da mai wasan dabarun yaƙi ƙwaƙwalwa ɗaya suke motsawa: a jera, a yi haƙuri, a hango abin da abokin karawa zai yi nan da taku uku.

Yin wasan kansa ma ba abin da ya gagari nahiyar ba ne. A Kamaru, kamfanin Kiro'o Games na Olivier Madiba ya fitar da Aurion a 2016, bayan shekaru na fama da yankewar wuta da ƙarancin jari; a Gana akwai Leti Arts, a Legas akwai Maliyo Games, dukkansu suna gina wasanni kan labaran gida, akasari don salula, wato na'urar da take hannun yaran fada. Wasan da za a gina kan kafuwar Maraɗi ba ya buƙatar a ƙago masa komai. Zai fara ne daga inda wancan ya tsaya, da birni a hannun abokan gaba da ƴan dawaki kaɗan a kan hanyar arewa. Mai wasa zai nemi mafaka wurin sarkin da ba ya son ɓata wa Barno rai, ya riƙe barorin da ba shi da abin ba su, ya jira shekara da shekaru, har ranar da mazauna kwarin Gulbi za su yi wa wakilin sabbin masu mulki bore su aiko a kira shi.